Babi na Shida: Mai Neman Sadaka ta Waya

"Wani ya kira ni, ya ce kwamitin marayu ne, suna tara kuɗin kayan sallah. In tura ko kada in tura?"

Kowace shekara, da zarar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin watan Ramalana, wannan tambaya takan fara yawo a majalisu da shaguna da zaurukan WhatsApp. Mai yin ta ba marowaci ba ne. Marowaci ba ya tambaya, katse kiran yake yi ya ci gaba da sabgarsa. Mai tambayar zuciyarsa ta riga ta karkata ga bayarwa, sai dai tsoro biyu sun sa shi a tsakiya: kada ya juya wa mabuƙaci baya a watan da ake ninka lada, kada kuma ya ɗauki guminsa ya miƙa wa ɓarawo.

Amsar ita ce kada ka tura a kan wannan kiran. Ba a ce kada ka bayar ba. An ce kada kiran da ya shigo maka ya zama shi ne hujjarka, shi ne kuma hanyar da kuɗinka za su bi. Dalilan haka su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa sai a wannan lokaci?

Ɗan damfara ya san kalandarmu kamar yadda ɗan kasuwa ya san ranakun kasuwa. Ya san mutane da dama sukan jira azumi kafin su fitar da zakkar dukiyarsu, ɗaya bisa arba'in na abin da ya kai nisabi ya shekara. Ya san akwai ciyarwar buɗa baki, akwai zakkar fidda kai, akwai ɗinkin marayu, akwai goman ƙarshe da kowa ke neman dacewa da Lailatul Ƙadari. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki kuma ga babbar sallah da layyarta. Kiristocin da ke zaune a Sakkwato su ma ba su tsira ba, nasu kiran yakan zo ne gab da Kirsimeti, da sunan gidan marayu ko zawarawa.

A 'yan shekarun nan ma azumi yana faɗowa ne a daidai lokacin da manoman rani ke cire albasa. Manomi a fadamar Kwalkwalawa ya sayar da buhuna, kuɗi sun shigo, ga zuciya ta yi laushi saboda tafsirin da yake saurare kullum. Babu lokacin da ya fi wannan daɗi ga mai zamba.

Sai kuma sauyin da ya same mu ba shiri. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mai kifi, mai shayi, mai ƙosai, kowa ya buɗe asusu a waya don kada kasuwarsa ta mutu. Kafin nan sadaka hannu da hannu take tafiya. Ka ga fuskar mai karɓa, ka ji addu'arsa, in ma ƙarya yake yi, watarana za ku haɗu a hanya. Yanzu lamba goma kawai ake karanto maka, ka danna, kuɗi su bar hannunka zuwa garin da ba ka taɓa jin sunansa ba.

"To a ina ya san sunana?"

Wannan shi ne abin da ya fi rikita mutane. Mutum ya kira ka da cikakken sunanka, har ya ambaci sana'arka, sai ka ce lallai wani na kusa ne ya ba shi lambar.

Ba sai an ba shi ba. Lambarka tana rubuce a allon shagonka. Tana cikin zauren WhatsApp na unguwa, da na tsofaffin ɗalibai, da na masu sauraron karatu, inda kowane ɗan zaure ke iya ganin ta kowa. Tana cikin fom ɗin tallafin da ka taɓa cikewa a wani shafin intanet da ba ka san mai shi ba. Manhaja irin Truecaller tana nuna sunan da mutane suka ajiye ka da shi, har da "mai albasa" ko "tela" in haka suka rubuta. Abin da ya fi sauƙi ma: a OPay da PalmPay lambar wayar mutum ce lambar asusunsa, in an cire sifilin farko. Duk wanda ya shigar da ita kamar zai tura maka kuɗi, cikakken sunanka zai bayyana masa, ba tare da ya tura ko sisi ba.

Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai ya nufa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gulbin Rima a Kwalkwalawa ya ga yadda masunta ke shimfiɗa mamari: doguwar igiya, ƙugiyoyi rututu. Masunci bai san kifin da zai kamu ba, bai kuma damu da waɗanda suka wuce ba. Haka mai wannan kira yake. Zai buga wa mutane masu yawa a yini ɗaya, akasarinsu su katse, wasu su zage shi, kaɗan su tura. Waɗannan kaɗan ɗin sun biya masa kuɗin kati har da riba.

Yadda zancen yake tafiya

Mu ɗauka bayan shan ruwa ne, wayar wani dattijo mai sayar da hatsi ta yi ƙara.

"Salamu alaikum, Alhaji, barka da shan ruwa. Daga kwamitin marayu muke kira. Liman ne ya ba mu lambarka, ya ce kai ba ka gajiya da aikin Allah. Yara goma sha biyu sunka rage ba mu yi ma ɗinki ba, tela kuwa ya ce in yadi bai zo daren nan ba, ba shi karɓa. Ko na yaro guda ka ɗauka, Alhaji, Allah shi gina maka gida a Aljanna."

Dubi yadda aka shirya maganar. An fara da sunan wanda kake jin nauyinsa, ba a kuwa ce wane liman ba, kai ne za ka cika giɓin da limamin masallacinku. An yabe ka, yadda ƙin bayarwa zai zama kamar ka ƙaryata yabon. An kawo adadi, goma sha biyu, domin adadi yana kama da gaskiya. An sa wa'adi, daren nan, don kada ka kwana da zancen ka tashi da tambaya. Sannan an roƙi abu kaɗan. Wa zai tashi ya yi bincike a kan kuɗin yadin yaro guda?

Harshen ma an zaɓe shi. In Basakkwace ake nema, za a yi masa "munka" da "sunka". In Bakano ne, a juya. Jin karin harshen garinku a bakin mutum ba ya nuna inda yake zaune.

Wanda ya tura sau ɗaya kuwa ya shiga littafi. Bayan kwana biyu za a kira a yi godiya, a turo hoton yara sanye da sababbin kaya, wanda aka kwaso daga shafin wata gidauniya ta gaskiya. Kira na uku shi ne na babbar buƙata: ɗaya daga cikin yaran ya kwanta asibiti, sai an yi masa aiki.

Rigar da ake sa wa zancen tana canzawa. Yau marayu, gobe rufin masallaci kafin damina, jibi rijiyar burtsatse. In bala'i ya auku, kamar ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 ko ta Mokwa a Mayun 2025, nan take lambobin asusu sukan cika waya, na gaskiya da na bogi a cakuɗe. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sun san yadda irin wannan rana take buɗe hannun jama'a. Mafi muni a ganina shi ne masu fakewa da kuɗin fansa. Mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah sun sha wannan azaba da gaske, iyalai suna bi gida gida suna haɗa abin da za su karɓo nasu daga daji. Wanda ya ari wannan kuka don ya cika aljihunsa ya sa gobe in mai kuka na gaskiya ya zo, a dube shi da zargi.

Akwai kuma wanda ake juya wa riga baki ɗaya: kai ne za a ba. An zaɓe ka a tallafin azumi na wata gidauniyar Larabawa, ko na wani attajiri da kowa ya san sunansa, sai dai ka biya kuɗin rajista, ko ka karanto lambar BVN ɗinka da lambobin da za su shigo wayarka yanzu. Sadakar da sai ka biya kafin a ba ka, ba sadaka ba ce. Lambobin nan kuwa mabuɗin asusunka ne, ko na WhatsApp ɗinka, wanda in an ƙwace za a shiga roƙon 'yan'uwanka da sunanka.

Tambayar da ba ya so

Ba sai ka iya gane ƙarya daga murya ba. Ba za ka iya ba ma, domin shi sana'arsa ke nan, kai kuwa sau ɗaya ka gamu da ita. Abin da za ka riƙe shi ne wannan: mai gaskiya ana iya zuwa wurinsa, kuma yana iya jira. Maƙaryaci ba ya iya ko ɗaya.

Saboda haka ka ce masa, "Madalla, Allah ya ba da lada. A ina kuke? Gobe bayan azahar zan zo, ko in aiko yaro." Kwamitin gaskiya murna zai yi, ya kwatanta maka masallacin, ya gaya maka wanda za ka tarar. Na ƙarya zai shiga kewaye-kewaye: ofishin ana gyara, shugaban ya tafi Umara, ai ba sai ka wahalar da kanka da azumi a baki ba. In ka matsa, sai muryar ta sauya, a fara yi maka wa'azi a kan rowa. Daga nan ka gama gane shi.

In ya ambaci wani da ka sani, katse kiran, ka kira mutumin da lambar da kake da ita tun asali, ba wadda mai kiran ya ba ka ba. Saƙon WhatsApp daga lambar malaminka ma bai isa ba, tunda ana sace asusun WhatsApp. Kira shi ka ji muryarsa, ka kuma yi masa tambayar da shi kaɗai zai iya amsawa. In a gari ɗaya kuke, jira sallar asuba ku gaisa. Babu marayan da zai rasa kayan sallah saboda ka jinkirta dare ɗaya.

Sai sunan asusu. Kafin ka sa lambar sirri, manhaja takan nuna sunan mai karɓa, mai POS ma yakan karanto maka. Saurara da kyau. An ce maka gidauniya, sai ga sunan mutum ɗaya. An ce maka masallaci a Sakkwato, sai ga sunan da bai yi kama da abin da aka faɗa ba, ana ce maka na ma'aji ne. Gaskiya ne ƙananan kwamitocin unguwa da yawa ba su da asusun ƙungiya, da na ɗayansu suke amfani. To amma irin waɗannan ai a unguwarku suke, ka san ma'ajin, ka san gidan ubansa. Baƙon da ba ka sani ba, da asusun mutumin da ba ka sani ba, cinikin biri a sama ke nan.

Takarda da hoto

Wasu sukan turo hoton takardar rajista ta hukumar CAC don su rufe maka baki. Hukumar tana da shafin da kowa zai iya duba sunan ƙungiya kyauta, ka sa wani yaro mai ilimin waya ya duba maka. In babu sunan, magana ta ƙare. In akwai, ba ta ƙare ba, don ana iya ɗaukar takardar ƙungiyar gaskiya a liƙa mata lambar asusun ɓarawo.

Rajistar kanta ma ba shaidar amana ba ce. A Amurka, a 2015, hukumar kare masu saye ta ƙasar tare da dukkan jihohi 50 sun maka wasu ƙungiyoyi huɗu masu ikirarin taimakon masu ciwon daji a kotu. Sun tara sama da dala miliyan 187 tsakanin 2008 da 2012, da yawa ta hanyar kiran waya, amma abin da ya isa ga marasa lafiyar bai taka kara ya karya ba. Akasarin kuɗin ya tafi ne ga kamfanonin da ke yin kiran da kuma jin daɗin shugabannin da iyalansu. Suna da ofis, suna da takardu. In haka ta faru a inda ake bin diddigin lissafi, ina ga hoton takarda da aka turo maka a waya?

Hoton mara lafiya kuwa ya fi komai karya zuciya, ya kuma fi komai sauƙin samu. Tambayi asibiti, da ɗaki, da lambar gado. In a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne ko Asibitin Ƙwararru, tafiyar Keke Napep ce. Je ka duba shi, dubiya ma ibada ce, ka biya kuɗin maganin ko na aikin a wurin biya da hannunka, ka karɓi rasit. In kuma hoton yaron da ciwon noma ya ci wa fuska aka nuna maka ana neman kuɗin tiyata, ka sani a nan Sakkwato akwai Asibitin Noma, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tare da hukumomin lafiya tun 2014, kuma kyauta ake yin aikin.

"Ai niyyata ta isa"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma mutanen kirki ne ke kawo ta. Sukan ce, ni don Allah na bayar, in ya cuce ni shi da Ubangijinsa. Har sukan tuno da hadisin mutumin da ya fita da sadakarsa da dare ta faɗa hannun ɓarawo, aka kuma karɓa masa.

Babu mai jayayya da falalar Allah. Amma a lura, wancan bawan Allah bai sani ba ne, ba wai ya ga alama ya rufe ido ba. Sannan lada ba ita kaɗai ce abin dubawa ba. Kuɗin da ka ware na maraya ne. In sun tafi ga ɗan damfara, kai wataƙila ka sami ladarka, marayan layinku kuwa ya yi sallah da tsohuwar riga. Ƙari a kan haka, duk naira da ta shiga hannun mai wannan sana'a kuɗin katin da zai kira wani ne gobe.

In zakka ce ma, maganar ta fi nauyi. Zakka ba kyauta ba ce, haƙƙin mutane ne da aka ƙayyade su, kashi takwas, a cikin Suratut Tauba. Sanannen zance a mazhabar Malikiyya shi ne, wanda ya raba zakkarsa da kansa, ta faɗa hannun wanda bai cancanta ba, aka kuma kasa karɓo ta, to ba ta isar masa ba. Wanda abin ya shafa ya je ya zauna da malaminsa a kan halin da ya sami kansa. Abin da nake so mai karatu ya gani kawai shi ne, bincike kafin bayarwa ba rashin tawakkali ba ne, ba kuma munana zato ba ne. Yana cikin sauke farillar.

Wasu kuma ɓoye sadaka ne ke jefa su. Ba sa son hagu ta san abin da dama ta bayar, saboda haka ba sa shawara da kowa, ɗan damfara kuwa haka yake so. Kana iya tambayar liman ko ya san wani kwamiti ba tare da ka gaya masa nawa za ka bayar ba.

To ina za a kai?

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, don mabuƙata ba su yi mana nisa ba. Akwai su a dangi, akwai su a maƙwabta, kuma sau da yawa masu tsananin buƙatar ba sa roƙo, balle su kira baƙo a waya. Liman da mai unguwa sun san gidan da aka yi rasuwa aka bar yara, matan gida sun fi su sani. Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, mai ofis da ma'aikatan da za ka je ka gani ido da ido. In wata babbar gidauniya kake so ka taimaka wa, kai ne za ka neme ta, ka karɓi lambar asusunta daga ofishinta. Dabara mafi sauƙi ita ce tun kafin watan ya kama ka yanke abin da za ka bayar da inda za ka kai shi. In kira ya shigo, amsarka a shirye take: "Na riga na yi niyyar nawa, Allah ya hore muku."

A gaya wa tsofaffi wannan, musamman iyaye mata da ke aiken jikoki wurin mai POS. Mai POS ɗin unguwa ma yana da rawar takawa. In Inna ta zo da lamba a takarda tana cewa wani malami ne ya kira ta, ba rashin ladabi ba ne ya ce, "Inna, kin san shi? Bari mu kira Yaya tukuna."

In an riga an tura

Kada ka tsaya jin kunya, kada kuma ka tsaya kiran ɓarawon kana roƙonsa ko tsine masa. Irin waɗannan kuɗi ba sa kwana a asusun da suka fara sauka, ana rarraba su ne a cire. Nan take ka kira bankinka ta lambar da ke bayan katinka, ko ka je reshe, ka ce damfara ce, ka nemi su sanar da bankin da kuɗin suka shiga. In ka ba da lambar sirri ko lambobin kati, a toshe katin da asusun kafin komai. Bankuna da yawa suna da lambar da ake dannawa a rufe asusu ko da daga wayar wani ce, ka nemi ta bankinka ka rubuta ta tun yau.

Kada ka goge komai: lambar da ta kira, saƙonni, hotuna, rasit ɗin turawa. Da su za ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, wadda ke da ofis a Sakkwato. Ka kai ƙarar layin ga kamfanin sadarwarka, in ba su saurare ka ba akwai lambar 622 ta hukumar NCC, kyauta ce. Ba kullum kuɗi ke dawowa ba, gara a faɗi gaskiya, amma ƙara takan sa a rufe asusun. Ka kuma faɗa a masallaci da zauren unguwa, don lambar da ta kira ka tana kan kiran maƙwabcinka.

In bayan kwana biyu wani ya kira ya ce shi jami'i ne, an kama ɓarawon, ka turo kuɗin buɗe fayil a mayar maka da naka, to su ne dai suka dawo.

Da an sauko daga idin ƙaramar sallah, masu wannan sana'a sukan ajiye zancen marayu su ɗauki wanda ya fi shi tsoka: kujerar Makka mai rahusa, da bizar da za a "shigar" da mutum ta bayan fage. A nan ba kuɗin yadi ake asara ba, gona ake sayarwa. Babi na gaba zai bi wannan hanya tun daga kiran farko, ya kuma nuna yadda maniyyaci zai tantance ko mai karɓar kuɗinsa yana da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa.